Wane Ne Matsafi?

Karatu: Ayyukan Manzanni 8:9-24, Fitowa 20:16

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan kalma ɗaya ne, wato "matsafi". Muna jinta a bakin rijiya da kasuwar Maigatari ran Alhamis, har a taron ƙungiya takan fito idan rai ya ɓaci.

Asalinta daga "tsafi" ne. Tsafi shi ne yankan da mutum yake yi wa iskoki don neman biyan bukata, ya zubar da jinin baƙin bunsuru ko jan zakara a gindin tsamiya, ko kan dutse, ko a jigon da aka kafa cikin gida. Mai yin haka shi ne matsafi, mace matsafiya, idan suna da yawa matsafa. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda yake yi wa Tsumburbura tsafi a Dala. Kakannin waɗansunmu ma ba sa shuka sai sun yi wa Uwar Gona yanka. Ashe kalmar sunan aiki ce, ba sunan kabila ba.

Saboda haka kada mu haɗa ta da waɗansu. Boka mai ba da magani ne; wani yakan haɗa da tsafi, wani kuwa saiwa da ganye kaɗai ya sani. Maye shi ne wanda ake zargi da kama kurwar mutane. Bamaguje kuma, masana da yawa suna ganin sunan ya fito daga Larabci, Majusi, wato masu tsohon addinin Farisa. Yau Maguzawa da yawa masu bi ne, waɗansu dattawan ikkilisiya.

To, ga inda abin ya shafe mu. Ƙasarmu ta Ɗanzomo, Gagarawa da Sule Tankarkar jigawa ce, ba ta riƙe taki. Sai ka ga gonaki biyu iyaka ɗaya, geron wannan ya yi kai, na wancan ya tsumbure. Nan da nan a ce maƙwabci matsafi ne, ya janye albarkar gonar. Amma mu malaman gona idan muka tona gindin geron, sau da yawa wuta-wuta muke tararwa. Takan kama saiwa ta sha ruwanta tun ba ta fito fili ba, irinta kuwa yakan wuce shekara 10 cikin ƙasa bai mutu ba. Maƙwabcin nan da jaki ya kwashe rani yana kai taki, ya bar gawo a gonarsa, ya sauya gero da gyaɗa, yana tuge wuta-wuta kafin ta yi fure. Tsafinsa ke nan!

Kalmar kuwa idan ta manne wa mutum ba ta sakinsa. Ya daina zuwa gayya, a ƙi sayen furar matarsa, masu neman 'yarsa su janye, ƙungiya ta rasa gwaninta. Tun 1960 dokar Final Kot ta Arewa ta sa hukunci a kan mai jifan wani da maita, balle shaidar zur da Allah ya hana.

Ba mu ce babu matsafa ba, kuma mai bi ba shi da rabo cikin tsafi. Siman na Samariya kowa ya ga sihirinsa a fili, duk da haka Bitrus tsawata masa ya yi, ya kira shi ga tuba. A taronku na gaba, kowa ya kawo gindin gero ɗaya daga inda gonarsa ta fi lalacewa, a wanke saiwar a duba tare.