Mai Gona da Mai Tsaron Gona: Darasi a Kan Itatuwa da Gawayi

Karatu: Farawa 2:8-15, Littafin Ƙidaya 3:7-8, Maimaitawar Shari'a 20:19-20

Duk wanda ya shigo birnin Bauchi ta hanyar Ningi ko ta Dass zai ga buhunan gawayi jere a bakin titi, suna jiran motar da za ta kai su kasuwar Muda Lawal ko Wunti. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da yawa kuma suka jingine tukunyar gas suka koma kurfoti. Gidajen masu bi suna cikinsu.

Littafin Farawa ya nuna cewa Ubangiji Allah ne ya dasa gonar Aidan, sa'an nan ya sa mutum a ciki. Ashe gonar tana da Mai ita tun kafin Adamu ya buɗe ido. Aiki biyu aka danƙa masa, wato noma da tsaro. A Ibrananci kalmomin su ne "abad" da "shamar", kuma su ne aka sake amfani da su a Littafin Ƙidaya game da hidimar Lawiyawa a alfarwa ta sujada. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lura da ƙasa hidima ce a gaban Allah, irin ta wanda aka ba shi ajiyar kayan Wuri Mai Tsarki. Balawi ba ya sayar da kwanonin alfarwa don yana cikin matsi.

Shari'ar Musa ta kai maganar har fagen yaƙi. An hana Isra'ilawa sare itatuwa masu ba da 'ya'ya, ko da sun kewaye birnin abokan gaba da yaƙi. Abin baƙin ciki, abin da aka hana soja a lokacin yaƙi shi ake yi yau cikin zaman lafiya. Masu gawayi sun fi son itace mai ƙarfi irin su kaɗanya da ƙirya, gatari kuma bai bar ɗorawa ba. Buhu guda yana cin itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye. Kaɗanya kan yi shekara goma sha biyar ko sama da haka kafin ta fara 'ya'ya, amma a yini ɗaya ake kayar da ita, tare da man kaɗen da wata gwauruwa take biyan kuɗin makaranta da shi.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan uwar da take neman dafa wa yaranta tuwo. Wa'azin da zai tsawata mata bai nuna mata wata hanya ba, nauyi kawai ya ƙara mata. Tambayar tana kan ikilisiya da magidanta masu gonaki.

Akwai misali a maƙwabta. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maradi, Tony Rinaudo, bayan shekarun dashen da yawancinsa ya mutu, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma suke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Tohon kututture ne na itatuwan da aka sare, saiwoyinsu kuma suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka koya wa manoma su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, su kāre su daga wuta da dabbobi. Da farko an yi musu dariya, domin a ganin jama'a gona mai itatuwa gonar rago ce. Wannan dabara, wadda ake kira sassabin zamani, ta bazu har ta mai da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Rassan da ake datsewa kuwa su ne itacen girkin gida.

Iyalai da yawa a Yelwa da Gwallameji suna da gona a ƙauye, majami'u da yawa kuma suna da fili. Kafin sharar gona ta bana, ya kamata maigida ya zagaya tare da yaransa su ƙirga kututturan da suke toho, su sa wa waɗanda za a bari alama, ya kuma faɗa wa 'yan ƙodago tun kafin su ɗauki adda.