Amsoshin Tambayoyinku: Haɗa Kwamfutar Wasa a Nima

Wani matashi daga Nima, a birnin Accra, yana tambaya: zai haɗa kwamfutar tebur ta farko domin wasanni, da me zai fara?

To ɗan'uwa, fara da katin hoto, domin shi ke ɗaukar nauyin wasa, shi kuma zai lashe mafi yawan kuɗinka. RTX 3060 ya ishe ka buga GTA V da wasan ƙwallo ba tare da sarƙewa ba. Ka haɗa shi da processor Ryzen 5 5600, wanda ke zama a kan babban allo mai soket AM4 irin B550, sai RAM samfurin DDR4 gigabait 16. Ka sani fa, wannan Ryzen ɗin ba ya fitar da hoto shi kaɗai.

Idan katin hoto na hannu za ka saya a Tip Toe Lane da ke Circle, a kunna wasa a gabanka, katin ya ɗau zafi sosai, kafin ka miƙa sidi ko ɗaya.

Inda samari suka fi yin rowa shi ne akwatin rarraba wuta, sai daga baya a yi da-na-sani. Nemi mai wat 550 na kamfanin kirki, ka haɗa da UPS mai ajiye wuta saboda dumso, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki. Fitilu masu walƙiya kuwa, bar su sai aljihu ya yi nauyi.