Hanyar Samun Gurbin Karatun Mataimakin Likita a Nijeriya: Nazari Daga Yankin Noman Rani na Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi matakan da ɗalibi ke bi kafin ya sami gurbin horon da ya fi kusa da na mataimakin likita a Nijeriya, wato horon Jami'in Lafiyar Al'umma da ake bayarwa a asibitocin koyarwa na jami'o'i. An ɗauki yankin noman rani na Bunkure da Kura a Jihar Kano a matsayin madubi. Maƙalar ta nuna cewa ba a ranar jarrabawar shiga ake yanke hukuncin wanda zai sami gurbin ba. Ana yanke shi ne tun a ajin farko na babbar sakandare, sannan a sake yanke shi a ofishin da ke ba ma'aikaci izinin tafiya ƙaro ilimi.

Fitilun Kalmomi: mataimakin likita, lafiyar al'umma, gurbin karatu, noman rani, Bunkure

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan ƙasar Hausa, duk wanda ya sa farar riga ya zauna a ɗakin shan magani “likita” ne a bakin jama'a. A zahiri kuwa, mafi yawan waɗanda ke duba marasa lafiya a cibiyoyin lafiya na matakin farko ba likitoci ba ne. Ma'aikatan lafiyar al'umma ne, waɗanda aka horar su gane cututtukan yau da kullum, su ba da magani, su kuma san inda iyakarsu ta tsaya. A Amurka ana kiran mai irin wannan matsayi na tsakiya mataimakin likita, kuma a jami'a ake horar da shi. Nijeriya ba ta da rukunin ma'aikata mai wannan suna a dokance. Wanda ya fi kusa da shi shi ne Jami'in Lafiyar Al'umma, wanda ake taƙaita sunansa da CHO.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: ta wace hanya matashin da ya taso a Bunkure zai kai ga wannan matsayi, kuma a wane mataki ne hanyar ta fi tsukewa?

2.0 Asalin Sana'ar

A shekarar 1965 Dakta Yujin Sited ya buɗe horon mataimakan likitoci na farko a Jami'ar Duke ta Amurka. Ɗaliban farko tsofaffin ma'aikatan jinya ne na rundunar sojan ruwa, mutanen da suka daɗe suna kula da marasa lafiya amma ba su da shaidar da za ta ba su damar yin aikin a cikin farar hula. Har yau wannan asali yana nan a sharuɗɗan shiga: mai nema yakan zo da digirin farko da kuma shaidar sa'o'in da ya yi yana hidimar marasa lafiya, sannan ya yi karatun da ya ɗan haura shekara biyu, ya fita da digiri na biyu.

Arewacin Nijeriya ta san irin wannan ma'aikaci tun kafin nan. Zamanin mulkin mallaka, malaman asibiti ne ke riƙe da ɗakunan shan magani na En'e, kuma a shekarun 1950 an buɗe makarantar likitanci a Kano wadda ta horar da mataimakan jami'an asibiti, kodayake ba ta yi tsawon rai ba. Tsarin da ake kai yanzu ya samo tushe ne daga shirin samar da kiwon lafiya na tushe na shekarun 1975 zuwa 1980, da kuma taron Alma-Ata na 1978 wanda ya ɗora lafiyar jama'a a kan kulawa ta matakin farko. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya kafa wa tsarin ginshiƙi, kuma Doka ta 61 ta 1992 ta samar da Hukumar Rajistar Ma'aikatan Lafiyar Al'umma ta Nijeriya, wadda ke tantance makarantu, ta shirya jarrabawar ƙasa, ta ba da lasisi.

3.0 Dalilin Zaɓar Bunkure

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa yake bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa da alkama da tumatir sun mayar da yankin rumbun Kano. Amma ruwan da ke raya shuka yana raya wasu abubuwan. Sauro, wanda a sauran ƙasar Hausa yakan yi sauƙi da rani, a nan yana samun wurin hayayyafa kusan duk shekara. Dodon-koɗin ruwa mai ɗauke da ƙwayar tsargiya yana zaune a magudanan da yara ke wanka, mata ke wanki, manoma ke tsayawa a ciki tun safe. Ga kuma maganin feshi da ake haɗawa da hannu ba safa, ana fesawa ba takunkumi.

Waɗannan cututtuka ba na babban asibiti ba ne a matakin farkonsu. Yaron da ke fitsarin jini yana buƙatar wanda zai gane tsargiya ce, ya auna shi, ya ba shi maganin firazikwantel daidai da jikinsa, ya kuma fahimtar da mahaifinsa cewa wannan jini ba alamar balaga ba ce, kamar yadda wasu suka daɗe suna ɗauka. Aikin ma'aikacin lafiyar al'umma ke nan. Ɗan gari, wanda ya san wace magudana ce yara suka fi shiga, wanda kuma dattawa suka san gidansu, ya fi baƙo damar a saurare shi. Shi ya sa batun wa ke samun gurbin horon ya wuce batun ci gaban mutum ɗaya.

4.0 Matakan Hanyar

Horon CHO ba ƙofa ce da ake shiga kai tsaye daga sakandare ba. Tsani ne. Matakin ƙasa shi ne na ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma, JCHEW, karatun shekara biyu. Sama da shi akwai CHEW, karatun difloma na shekara uku a makarantun fasahar kiwon lafiya. Ga ɗan Bunkure, Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Bebeji ce mafi kusa daga cikin na gwamnatin jiha, sai kuma ta cikin birnin Kano. Sai wanda ya kammala CHEW, ya ci jarrabawar hukuma, ya karɓi lasisi, ya kuma yi wasu shekaru yana aiki, sannan zai nemi gurbin CHO: ƙarin shekara biyu a asibitin koyarwa, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mai alaƙa da Jami'ar Bayero, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Abin da ake fita da shi babbar difloma ce, ba digiri ba.

4.1 Ƙofar Farko: Kiredit Biyar

Sharaɗin shiga CHEW shi ne kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, a zaman da bai wuce biyu ba: Ingilishi, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. A takarda sharaɗi ne mai sauƙin faɗi. A ƙauye kuwa, nan ne mafi yawan masu buri ke faɗuwa, kuma galibi ba tare da sun san sun faɗi ba.

Dalili shi ne, ana raba ɗalibai zuwa sashen kimiyya da na fasaha a ajin farko na babbar sakandare, lokacin da yaro yake ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida. Wanda aka kai sashen fasaha ba zai rubuta Kimistiri da Fiziks ba, don haka hanyar ta rufe masa shekara uku kafin ya fara tunaninta. Ba kullum ne ake yin rabon bisa hazaƙar yaro ba. Inda makaranta ba ta da malamin Fiziks, ko ɗakin gwaje-gwajenta ya zama wurin ajiyar karyayyun kujeru, makarantar ce ke zaɓar wa yaro makomarsa. Wanda ya shiga sashen kimiyyar ma, zai fuskanci jarrabawar aiki da hannu, inda za a ba shi sinadarai ya auna, alhali watakila a allo kawai ya taɓa ganin zanen kayan.

Akwai kuma kalandar gona. A yankin da ake noma rani da damina, babu watan da yaro ba ya da aiki. Tsinkar tumatir da girbin alkama suna faɗowa a watannin da ya kamata ɗan ajin ƙarshe ya duƙufa bita, dashen shinkafar damina kuma yakan yi karo da lokacin NECO. Ƙari a kan haka, kuɗin da matashi ke samu a ƙwadago a hannu yake, karatu kuwa alkawari ne na shekaru masu zuwa. Ba a ga laifin wanda ya zaɓi na hannu ba.

Sharaɗin zama biyu rahama ce da ɗalibai da yawa ba su amfana da ita. Wanda ya sami kiredit huɗu ya faɗi Kimistiri ba sai ya yar da sakamakonsa ba. Yana iya sake zama, ya haɗa sakamakon biyu. Amma ba a yarda a haɗa sakamakon zama uku ba.

4.2 Ƙofa ta Biyu: Makarantar da Hukuma ta Sani

Guraben makarantun gwamnati ba su kai yawan masu nema ba, wannan giɓi ne ya haifar da makarantu masu zaman kansu barkatai. Wasu suna da rajista, wasu ba su da ita. A shekarar 2022 gwamnatin Jihar Kano ta rufe fiye da ashirin daga cikin irin waɗannan makarantun kiwon lafiya saboda rashin izini.

Abin da ya kamata mai nema ya fahimta shi ne, takardar samun gurbi daga makaranta ba ita ce shiga sana'ar ba. Hukumar rajista tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, tana kuma ba kowane ɗalibi lambar shaida bayan an tantance takardunsa. Wanda bai sami wannan lamba ba, ba zai zauna jarrabawar ƙasa ba; wanda bai zauna ba, babu lasisi; wanda babu lasisi, ba CHO. Ke nan makaranta mai rajista ma tana iya cutar da ɗalibi, idan ta ɗauki fiye da adadinta. Manomin da ya sayar da buhunan shanshera ya biya kuɗin shekara uku, ɗansa ya dawo da takardar da ba ta aiki, ya yi asarar da ta fi ta ambaliya, domin ambaliya damina ɗaya take ci. Tambayoyi biyu ne ke hana wannan, kuma kafin a biya sisi ya kamata a yi su: shin makarantar tana cikin jerin hukuma a wannan fanni? Shin ɗaliban bara sun sami lambarsu?

4.3 Ƙofa ta Uku: Asibitin Koyarwa

A wannan mataki mai nema ya riga ya zama ma'aikaci. Ana buƙatar diflomarsa ta CHEW, da lasisin da bai ƙare ba, da kiredit ɗinsa na sakandare, wanda ake sake dubawa, sannan jarrabawar shiga da ganawar baki da baki. Abin da ya fi dacewa ya riƙe shi ne kundin Tsayayyun Umarni, littafin da ke jera alamomin cuta, da abin da za a duba, da matakin da za a ɗauka, da lokacin da dole a tura majinyaci gaba. Shi ne garkuwar ma'aikaci a gaban doka. Ma'aikacin da ya san lokacin da zai ce “wannan ya fi ƙarfina” ya fi wanda ya haddace sunayen magunguna ɗari amfani, kuma ganawar da ta amsa sunanta wannan take nema. A nan tsarin Nijeriya ya haɗu da na Duke: dukansu sun fi yarda da wanda hannunsa ya saba da majinyaci.

Sai dai ci jarrabawa bai isa ba. Ma'aikacin gwamnati yana buƙatar takardar sahalewa daga hukumar da yake yi wa aiki, wato hutun ƙaro ilimi, in ya yi sa'a da albashi. A nan ne tsarin ke cin kansa. Cibiyar da ke cikin birni, mai ma'aikata da yawa, tana iya sakin mutum ɗaya ba a ji a jiki ba. Cibiyar ƙauye da ma'aikaci ɗaya ko biyu ke riƙe da ita, tafiyar mutum ɗaya na shekara biyu tana nufin rufe ɗakin awon ciki ko dakatar da rigakafi. Shugaban da ya hana shi tafiya ba lallai mugu ba ne. Lissafinsa daidai ne a ranar. Sakamakon dai shi ne, wurin da ya fi buƙatar CHO shi ya fi wahalar samar da nasa.

Ga mata abin ya ƙara nauyi. Shekarun da ake buƙata a yi ana aiki tsakanin CHEW da CHO su ne galibi shekarun aure da goyo. Komawa Kano ko Zariya na shekara biyu yana buƙatar yardar miji da wanda zai riƙe yara, alhali a ƙauyukan yankin mace mai ciki ta fi sakin jiki idan mace ce za ta duba ta. Manufar tarayya ta 2014 ta rarraba ayyukan asibiti ta ɗora wa ma'aikatan lafiyar al'umma ƙarin nauyi, har da karɓar haihuwa marar matsala bayan horo. An ƙara musu kaya ke nan, ba a faɗaɗa musu hanyar ƙaro ilimi daidai da kayan ba.

5.0 Inda Gyara Zai Fi Tasiri

Ƙara yawan gurabe a asibitocin koyarwa ba zai sauya komai ga Bunkure ba, muddin masu isowa ƙofar daga can ba su ƙaru ba. Malamin Kimistiri da na Fiziks a kowace babbar sakandaren yankin, da bayani ga iyaye tun yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare kan abin da rabon sassa ke nufi, sun fi kusa da tushen matsalar. A matakin sama kuwa, Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Jihar Kano tana iya ɗaure izinin tafiya da abu biyu: a tura wanda zai riƙe cibiyar har mai karatu ya dawo, shi kuma ya sa hannu cewa zai koma ƙaramar hukumarsa ya yi aiki na shekarun da ba su gaza waɗanda ya yi yana karatu ba.