Lissafin Wata Guda Ga Mai Zuwa Ingila Da Iyali

Sau da yawa magidanci yakan zo gaban hakimi neman shaidar sayar da gona, don ɗansa ya tafi karatu Ingila da iyali. Kafin malami ya ɗauki alƙalami, lalle ne a zauna a yi lissafi.

A Janairun 2025 Gwamnatin Ingila ta ƙayyade ɗalibi ya nuna fam 1,483 na kowane wata in a Landan zai zauna, fam 1,136 a sauran garuruwa. Mata da 'ya'ya kuwa, kowane kai fam 845 a Landan, 680 a waje. Watau a wancan lokaci miji da mata da ɗa guda a Landan, fam 3,173 ke nan, ban da kuɗin makaranta da na asibiti.

Haya ita ke cinye mafi yawa, kana wuta da gas, gama da hunturu ba a kwana sai an ɗumama ɗaki. Can babu rumbu, babu maƙwabciyar da za a bar wa yaro. Reno ma biya ake yi. Kada a dogara ga ƙwadago, gama awa 20 kaɗai aka yardar wa ɗalibi a mako lokacin karatu. Tun 2024 ma, ɗaliban bincike da waɗanda gwamnati ta aika su ne kaɗai ke zuwa da iyali.