Hajiya, Ki Bar Ta Ta Je

Hajiya, kin ce 'yarki ta samu gurbi a TechGirls, kina tsoron ta dawo da girman kai. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ce ta fara shirin a 2012, don 'yan mata masu shekara 15 zuwa 17, lokacin dogon hutu. Wata rana 'yarki za ta tsaya gaban malamai, muryarta na rawa, ta bayyana manhajar da ta haɗa da kanta, kuma su saurare ta. Daga nan ake samun ƙarfin hali. In ta dawo tana cewa injiniya za ta zama, kada a yi mata dariya a gida. Ke dai ki nemi lambar mai kula da 'yan matan, ki tambayi masaukinta da abincinta.