TAKARDAR SAKAMAKO: WASIƘAR MAKARANTA ZUWA GIDA

Gabatarwa

Sau 3 a shekara, a ƙarshen kowane zangon karatu, mukan miƙa wa kowane ɗalibi takarda guda ya kai gida. Wasu suna ce mata rifot, wasu kuma takardar sakamako. Ranar da ake raba ta, mu malamai mukan tsaya a baranda muna kallo. Wani zai fita da gudu yana ɗaga tasa sama, wani kuwa ya ninke tasa sau huɗu ya cusa can ƙasan akwati, ƙarƙashin kayan wanki. Da an isa gida, tambayar farko da yawancin iyaye suke yi ita ce, "Na nawa ka zo?" Sau da yawa kuma daga ita ba a ƙara wata.

Wannan takarda tana da nauyi ƙwarai. A kanta ake saya wa yaro sabon takalmi, a kanta kuma ake yi masa bulala. A kanta wani uba yakan cire ɗansa ya mayar da shi gona, ko ya ce kuɗin makarantar 'yarsa asara ne. Saboda haka a wannan darasi za mu duba yadda ake rubuta ta, da yadda ya kamata a karanta ta, da kuma inda mu malamai da ku iyaye muke yin kuskure.

1. Yadda ake haɗa takardar

A da, jarrabawa ɗaya ta ƙarshen zango ko ta ƙarshen shekara ita ce ke yanke wa yaro hukunci. In zazzaɓi ya kama shi a wannan mako, to, wahalarsa ta watanni ta tafi a banza. Manufar ilimi ta ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977, da tsarin 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982, su ne suka kafa auna ɗalibi a kai a kai. An bukaci a duba abu 3: abin da ya sani, da halinsa, da abin da hannunsa ya iya. Wannan ne ya sa a takardar za ku ga wurin maki, ku ga kuma wurin tsabta, da ladabi, da zuwa a kan lokaci, da wasanni, da aikin hannu.

A yawancin makarantu ana raba maki 100 na kowane darasi gida biyu. Gwaje-gwaje da jinga da aikin aji sukan ɗauki 30 ko 40, jarrabawar ƙarshen zango ta ɗauki sauran. Kowane malami yakan miƙa makin darasinsa ga malamin aji, shi kuma ya tara su a babbar takarda, ya haɗa jimla, ya fitar da matsakaicin maki, sannan ya jera ɗalibai daga na ɗaya har na ƙarshe. A ce aji yana da ɗalibai 45, kuma suna ɗaukar darussa 12. Ke nan malamin aji zai bi ta kan jimlar maki 540, ya kuma rubuta kalami 45 a cikin 'yan kwanaki. A yau makarantu da yawa suna yin wannan lissafi da kwamfuta, wasu har suna aika sakamako ta waya. Amma na'ura lissafi kawai take yi. Kalamin da ke ƙasa, na malamin aji da na shugaban makaranta, har yanzu mutum ne zai auna shi.

2. Yadda ake karanta ta

Bari mu fara da lambar da kowa ke nema, wato na nawa yaro ya zo. Wannan lamba tana nuna inda yaro ya tsaya ne a tsakanin 'yan ajinsa, ba ta faɗin yawan abin da ya koya. Yaron da ya zo na 5 da matsakaicin maki 52 a ajin da ba ƙarfi, bai kai wanda ya zo na 18 da maki 64 a aji mai zafi ba. Haka kuma a tsakiyar aji ɗalibai sukan cunkushe, har ya zama tsakanin na 8 da na 20 maki 3 ko 4 ne kawai. Kuma ko da dukan 'yan aji sun yi ƙoƙari, dole wani ya zo na ƙarshe.

Abin da ya fi amfani shi ne a duba gidajen maki ɗaya bayan ɗaya. Ga misali. A ce gwaji yana da 40, jarrabawa tana da 60. Ɗalibi na farko ya sami 32 a gwaji, ya sami 20 a jarrabawa. Na biyu ya sami 10 a gwaji, ya sami 42 a jarrabawa. Dukansu sun tashi da 52, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne. Na farko yana aiki kullum, sai dai ko yana ruɗewa a ɗakin jarrabawa, ko kuma wani ne yake yi masa jinga. Na biyu yana da basira, amma ba ya kawo aiki, ko kuwa yana fashin aji. In aka ba su magani iri ɗaya, to, ɗaya bai sha nasa ba.

Bayan wannan, a duba yawan kwanakin da aka buɗe makaranta da yawan waɗanda yaro ya halarta. A ajiye takardar bana kusa da ta zangon da ya wuce, a ga ko hawa yake yi ko sauka. A kuma sa ido a kan Turanci da Lissafi. Hukumar WAEC tana ba da sakamako daga A1 zuwa F9, kiredit kuwa a C6 yake tsayawa, kuma shiga jami'a yana bukatar kiredit 5, galibi har da waɗannan darussa biyu. Yaro yana iya zuwa na 3 a aji saboda ƙarfinsa a wasu darussa, alhali Lissafinsa yana cikin jan biro tun daga aji ɗaya. Iyayen da suka tsaya ga murnar na 3 ba za su farga ba sai bayan shekara 6.

3. Laifinmu, mu malamai

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Dole mu yarda cewa kalaman da muke rubutawa sau da yawa ba su da nama. "A ƙara ƙoƙari." "Zai iya fin haka." "Ba laifi." Idan dare ya yi, ga takardu tuli, hannu yakan riƙa maimaita waɗannan da kansa, har ka ga yara 20 da kalami ɗaya. Uban da ya karanta "A ƙara ƙoƙari" bai san a ina za a ƙara ba, bai kuma san abin da ake so ya yi ba.

Kuskure na biyu shi ne kalami mai yanke ƙauna, irin su "Malalaci ne" ko "Ba shi da ƙwaƙwalwa." Mun taɓa rubuta wa wani yaro "Ba ya mai da hankali" har zango 3 a jere. Ashe daga bencin baya da yake zama ba ya ganin allo sosai, kunya kuma ta hana shi faɗa. Da aka dawo da shi gaba, aka kuma kai shi aka duba idonsa, sai makinsa ya soma hawa. Bulalar da ya sha a gida saboda wannan kalami namu, ba mu da yadda za mu mayar da ita.

Kuskure na uku shi ne ɓoye gaskiya don kunya ko tausayi. Akwai lokacin da malami yakan ga ɗan abokin aikinsa ne, ko ɗan wani dattijo da yake ganin girmansa, sai ya ɗaga 36 ta koma 45. Yana gani kamar taimako ya yi. Amma wanda zai duba takardar yaron a jarrabawar WAEC ko NECO bai san ɗan wane ne ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

To, yaya kalami mai kyau yake? Ya kamata ya faɗi abu 3: abin da yaro ya iya, daidai inda yake da rauni, da abin da za a yi a gida lokacin hutu. Misali: "Tana karatu da kyau kuma tana amsa tambaya a aji. Rubutun insha'i ne ke ba ta wuya, ba ta kuma kawo jinga 2 cikin 5 ba. A sa ta rubuta shafi ɗaya kowane mako ta karanta wa wani a gida." Wannan bai wuce layi 3 ba, amma ko uwar da ba ta yi boko ba, in aka karanta mata, ta san abin da za ta yi.

Mu tuna kuma cewa da Turanci muke rubuta takardar, alhali iyaye da yawa ba sa karanta shi. Sau tari yaron ne da kansa yake fassara musu, wato an ba kura ajiyar nama. Babu laifi malamin aji ya ƙara layi ɗaya da Hausa idan ya san gidan da takardar za ta.

4. Yadda iyaye suke karɓarta

Ba a taru an zama ɗaya ba. Akwai uban da tun bai gama dubawa ba ya aika a karyo tsumagiya. Ɗansa yakan koyi abu guda, wato ɓoyewa. Irin waɗannan yara ne suke cewa ba a raba rifot ba, ko su mai da 31 ta koma 81 da biro, ko su shiga satar amsa. Akwai uban da yakan sa hannu ya mayar ba tare da ko kallo ba, yana cewa shi dai ya biya kuɗin makaranta. Akwai wanda yakan taho makaranta da faɗa, wai malami ya tsani ɗansa. Akwai kuma mai gwada ɗansa da na maƙwabci ko da ƙanensa a gaban jama'a, abin da yakan shuka gaba tsakanin 'yan'uwa.

Sannan akwai masu zuwa su tambaya. Wata shekara, a makon farko na sabon zango, wata uwa ta shigo ɗakin malamai da takardar 'yarta ɗaure a gefen zane. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, ni ban yi karatu ba. An ce mini da ta shida take zuwa, yanzu ta koma ta goma sha huɗu. Babanta ya ce ba za ta dawo ba, kuɗinsa ba na zubarwa ba ne. Ka duba mini gaskiyar abin."

Malamin ajin ya ɗauko babbar takarda ya duba, ya ce, "Mama, matsakaicin makinta daga 63 ya koma 60. Kwana 14 ta yi ba ta aji, lokacin da ta kwanta rashin lafiya, gwaji 2 kuma suka wuce ta. A jarrabawar kanta ta fi yadda ta yi a wancan zangon."

Uwar ta yi shiru, sannan ta ce, "To, ka rubuta mini haka da Hausa in kai masa." Aka rubuta. Ranar Litinin yarinyar ta dawo da akwatinta. Duk bayanin da ya cece ta yana cikin takardar tun farko, a gidan kwanakin halarta da gidan gwaji. Kalamin da muka rubuta a ƙasa kuwa cewa kawai ya yi, "Ta ja baya."

Saboda haka muna roƙon iyaye abu 4. Kada a yanke hukunci a ranar da takarda ta iso, a bari zuciya ta kwanta. A zauna da yaro a bi darussan ɗaya bayan ɗaya, a fara da inda ya yi kyau. In ba a karanta Turanci, a nemi wani babba amintacce ya karanta. In akwai abin da ba a gane ba, a zo makaranta, ko a tayar da maganar a taron iyaye da malamai. Kowane uba yana da ikon ya ce a nuna masa takardun amsar ɗansa, domin mu ma mukan yi kuskuren haɗa lissafi.

5. Gare ku ɗalibai

Takardar taku ce kafin ta zama ta kowa. Ku karanta ta tun kafin ku bar makaranta, in kun ga makin da bai yi daidai da na takardar gwajinku ba, ku nuna wa malamin aji cikin ladabi. Ku kai ta gida yadda aka ba ku. Wanda ya goge maki ya yaudari mai biya masa kuɗin makaranta, kuma ainihin makin yana nan a ofis. Wanda ya zo na ɗaya ya duba ko makinsa ya fi na bara. Wanda ya zo can ƙasa ya zaɓi darasi 2 ya sa su gaba a wannan hutu, domin sannu ba ta hana zuwa.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malami yana ganin yaro a aji, iyaye suna ganinsa a gida, takardar sakamako kuwa ita ce ke kai labari daga wannan zuwa wancan. Mu malamai mun ɗauki alkawari a tsakaninmu cewa kafin mu rubuta wa yaro kalami, za mu tambayi kanmu ko uwarsa za ta san abin yi idan aka karanta mata shi. Ku kuma iyaye, idan takarda ta gaba ta iso, bayan "Na nawa ka zo?" ku ƙara da, "Zo ka zauna, nuna mini."

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa yaro zai iya ƙara maki amma matsayinsa a aji ya sauka?
2. Ɗalibai biyu sun tashi da maki 52. Waɗanne gidaje za mu duba don mu gane bambancinsu?
3. Sake rubuta kalamin nan, "A ƙara ƙoƙari," yadda zai amfani iyaye.
4. Me ke sa yaro ya ɓoye takardarsa, kuma me iyaye za su yi don ya daina?