Darasin Wannan Mako: Idan Giyar Injin Kwale-kwale Ta Ƙi Shiga

Wataƙila wani zai ce me ya haɗa mu 'ya'yan manoman gero da gyaɗa da injin jirgin ruwa? Amsar tana kusa da mu. Akwai madatsar ruwa ta Watari a Bagwai, akwai ta Thomas a yankin Dambatta, kuma masunta da masu fito suna cin abinci a kansu. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, ranar da kwale-kwale ya kife a Watari da mutanen da suka taso daga Badau za su Bagwai, aka rasa rayuka sama da 20, galibi yara 'yan Islamiyya kamarmu. Allah ya ji ƙansu. Lodin da ya wuce ƙima aka ɗora wa alhakin wannan haɗari, amma ya koya mana cewa babu ƙaramin sakaci a kan ruwa. Shi ya sa muka ɗauko maganar giya, domin jirgin ruwa ba shi da birki. Idan ya doshi gaɓa, da ribas ake tsayar da shi.

Yadda giyar take aiki

Injin da ake rataya wa a bayan kwale-kwale, irin su Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 40, giya uku gare shi: gaba, firi da ribas. Daga kan injin akwai dogon ƙarfe da ya sauka cikin ƙafarsa, a ƙarshensa akwai ƙaramar giya. Ita ce take juya manyan giyoyi biyu da ke fuskantar juna, ɗaya ta yi dama, ɗaya ta yi hagu, kuma muddin inji yana aiki ba sa tsayawa. A tsakaninsu akwai wani guntun ƙarfe mai haƙora a fuskokinsa biyu, wanda za mu kira makama. Makama tana zamewa a kan ƙarfen farfela. Idan matuƙi ya ja hannun giya, wata siririyar sanda takan tura makama ta cafki giyar gaba ko ta ribas. Idan ta tsaya a tsakiya, farfela ba ta juyawa, wannan shi ne firi.

Ke nan saƙo yana bin hanya ɗaya: daga hannu zuwa sanda, daga sanda zuwa makama, daga makama zuwa farfela. Duk matsalar giya a kan wannan hanya take. Ƙa'idar da muke so kowa ya riƙe ita ce, a fara bincike daga waje, inda gyara yake da araha, kafin a buɗe ciki inda yake da tsada. Kuma abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, a gwada, sannan a wuce gaba.

Gargaɗi kafin a fara

A kashe inji, a cire hulunan fulogi kafin hannu ya kusanci farfela, domin juya farfela inji yana cikin giya kan iya tayar da shi. Kada a tayar da inji a tudu babu ruwa, robar famfon da ke sanyaya shi takan ƙone nan da nan. Kada kuma a danna hannun giya da ƙarfi inji yana kashe. Haƙoran makama kan tsaya kai da kai da na giya, idan aka matsa sai sanda ta lanƙwashe. Sai wani ya riƙa juya farfela a hankali yayin da ake jan hannun.

Mataki na farko: a saurari alama

Kowace cuta da alamarta. Ko hannun giya ya yi tauri, ko a ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ko giya ta shiga ta riƙa fita da kanta, ko kuma inji ya yi ta ruri jirgi bai motsa ba. Wanda ya faɗa wa bakanike ainihin alamar ya rage masa rabin aiki, ya kuma rage wa kansa kuɗi.

Mataki na biyu: silo da totur

Idan silo ya yi sama, giyoyi suna gudu fiye da yadda makama za ta iya cafkarsu, sai a ji ƙara. Yawancin waɗannan injuna suna son silo ƙasa da juyi 1,000 a minti ɗaya. Wasunsu ma suna da ɗan ƙarfen da ke hana hannun giya motsi sai an mayar da totur ƙasa. Sau da yawa daidaita sukurun silo kaɗai ya isa.

Mataki na uku: farfela

Idan inji yana ruri jirgi ba ya tafiya, galibi laifin yana nan. Wasu tsofaffin ƙananan injuna suna da 'yar ƙusa mai laushi da ke riƙe farfela, an yi ta ne don ta karye idan an bugi dutse ko kututture, giyoyi su tsira. Masu maye gurbinta da ƙusar kafinta suna tsimin kuɗi kaɗan, ran da suka sake bugun dutse haƙorin giya ne zai karye. Wasu injunan kuma roba ce a tsakiyar farfelarsu. A ja layi da fenti daga jikin farfela zuwa tsakiyarta, a yi ɗan zagaye a ruwa. Idan layin ya rabu biyu, robar ce take sulɓewa. A kuma cire farfelar a duba bayanta, domin zaren fatsa da na koma sukan naɗe a nan su yanke sil.

Mataki na huɗu: hannu da sanda

Tsatsa da busasshen giris suna sa hannu ya yi tauri. A wanke, a shafa sabo. Sannan a duba mahaɗar sanda, ko noti ya kwance. Idan gaba tana shiga sosai amma ribas ba ta kamawa, ko akasin haka, tsawon sandar ne ya goce. Ga gwajin da ke raba gardama: a kwance mahaɗar, a motsa sandar ƙasa da hannu ana juya farfela. Idan giyoyin uku duk sun samu, ƙafar inji lafiyarta ƙalau, matsalar tana sama. A sa hannu a firi, a sa ƙasa a firi, sannan a ɗaure.

Mataki na biyar: man giya

A tsayar da inji a miƙe, a kwance sukurun ƙasa da na sama. Mai da ya koma fari kamar nono ruwa ne ya shige shi, wato sil ya mutu. Ɗan garin ƙarfe mai laushi ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashi manya suna nuna haƙori ya fara karyewa. Man giya mai lamba 90 ake zubawa, kuma ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama, don kada iska ta maƙale a ciki.

Mataki na shida: makama

Idan duk waɗannan lafiya suke, amma a cikin tafiya ana jin jirgi yana zabura kamar ya bugi icce, haƙoran makama ne suka cinye, suna kamawa suna saki. Wannan aikin bakanike ne, kuma in haƙoran giyar su ma sun cinye, tare ake canza su. Abin da ya fi cinye makama shi ne sa giya a hankali, da nufin lallaɓa inji. A mota mai kuloci hakan daidai ne, a nan kuwa goge haƙora yake yi. A mayar da totur ƙasa, a ja hannun da hanzari sau ɗaya. In za a koma ribas daga gaba, a ɗan dakata a firi.

Abin da ya shafe mu

Ko ba mu zama matuƙa ba, fasinjoji ne mu. Kafin jirgi ya bar gaɓa, ya kamata a gwada gaba da ribas, kuma a ga filafili ko gora a ciki. Idan muka ga lodi ya yi yawa, ko babu rigar kariya, mu ce da ladabi, "Baba, a yi mana haƙuri, za mu jira sahu na gaba." Jinkirin awa ɗaya ba ya kashe kowa. Wannan tsari na bin matsala daga waje zuwa ciki kuma zai yi mana amfani a kan injin ban ruwa na fadama, da babur, da injin markaɗe.

Tambayar mako

Idan ƙaramar giya tana da haƙora 13, babba tana da 26, sai inji ya juya sau 2 kafin farfela ta juya sau 1. To idan babbar tana da haƙora 27, inji kuma yana juyi 5,400 a minti ɗaya, sau nawa farfela za ta juya? A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa ɗan ƙungiyarmu kafin ranar Alhamis. Za mu manna sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta